Sakatar Kwamfuta da Awon Mutum Huɗu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan labari. Wani lokaci in ce da kaina, kai da ka tsaya a aji shida, wa ya aike ka rubutu? Wani lokaci kuma tsoron fariya ne yake kama ni, kada in rubuta abin da na yi ya zama yabon kai, in je in tarar da shi a gaban Allah. Na taɓa cika shafi biyu na yage, don kawai na kasa tuna ko ranar Talata abin ya faru ko Laraba. Matata ce ta raba gardamar. Ta ce Talata ce, domin ranar ta yi dambu na dawo na kasa ci, kuma har yau ba ta manta ba.

Ni tela ne a Fagge. Wanda ya san ni ya san halina. In na kulle shago na kai bakin titi, sai na dawo na ja kwaɗon na tabbatar. Ba na sa almakashi a yadin mutum sai na auna sau uku. Akwai kuma wata ƙa'ida da na gada daga maigidan da ya koya mini ɗinki. Duk wanda ya kawo yadi, zan yanki ɗan ƙyalle a gefensa in ba shi. Ranar karɓar kaya, in ba shi ne ya zo da kansa ba, to ɗan aiken ya zo da ƙyallen nan. Ko ɗan cikinsa ne, babu ƙyalle babu kaya. An zage ni a kan wannan ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa ba wani rigar wani ba.

A lokacin da nake magana, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Wayar salula ta fara shiga hannun 'yan kasuwa, shagunan intanet da ake kira kafe kuma suna ta buɗewa a Sabon Gari. Ɗaya daga ciki na wani Ibo ne da nake yi wa gidansu ɗinki tun mahaifinsa yana Kano. Oga nake ce masa, matarsa kuma Madam. Su biyar ne maza a wurin tsohon, Oga ne babba, sauran huɗun duk suna ƙasar waje.

Sai Allah ya yi wa tsohon rasuwa a garinsu. Mu da an rasu da safe, kafin azahar an kai mutum makwancinsa. Su kuwa sai an jira 'ya'ya sun taru, ko da za a yi makonni, kuma ranar binnewa 'ya'yan mamacin kaya iri ɗaya suke sawa. Oga ya kawo mini farin yadi mai nauyi, ya ce riga biyar yake so, wuyansu irin na wata riga da tsohon yake ƙauna. Ya ce ƙaninsa mai bi masa zai turo awon su huɗun da hoton rigar ta kwamfuta. Daga nan ya wuce gida shirye-shirye, ƙauyen da babu waya. Ya bar wa Madam shagon, ita da sana'arta sayar da kayan masarufi ce a Kasuwar Singa. Ita za ta tafi da rigunan a doguwar bas ranar Asabar da safe. 'Yan'uwan kuma daga filin jirgi ƙauye za su zarce, ba za su biyo ta Kano ba.

Ban yi barcin kirki ba tun da na karɓi aikin. Ban taɓa yanka wa mutum yadi ba tare da na dafa kafaɗarsa ba. Ga shi kuma kaya ne na ranar da ba ta dawowa.

Ranar Talata da hantsi Madam ta aiko in zo. Na hau acaɓa na isa. Na same ta zaune gaban kwamfutar Oga, ta yi tagumi.

"Malam tela, awo ya zo, amma wannan abu ya ƙi ba ni," in ji ta. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ba ta da gyara.

Ta nuna mini allon. Akwai wata manhajar hira da suke amfani da ita, ka rubuta magana nan take ta isa wurin mutum, shi ma ya mayar maka. A ƙarƙashin sunan ƙanin Oga akwai saƙo biyu, kowanne ɗauke da fayil, wato abin da aka naɗe aka turo, takarda ko hoto. Ɗaya ya zo Litinin, ɗaya da safiyar nan. Duk wanda ta danna, sai wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci da jar alama, ya tare hanya.

A kujerar kusa akwai wani Alhaji mai sayar da fanka da rediyo a wajen Bata, wanda kullum yana kafen yana aika wa masu kawo masa kaya saƙo. Ya leƙo ya ce, "Madam, ai na gaya miki, ki yi ta dannawa kawai. Ni duk abin da ya fito mini, e nake ce masa, kuma ga ni da raina."

"Alhaji, na danna har yatsana ya gaji."

Na ce a ba ni wuri in karanta. Alhaji ya kwashe da dariya.

"Tela, wannan fa ba wando ba ne. Kada ka je ka yi masa kalmasa."

Na sa yatsa a kan allon ina bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mana a firamare. Na gane wasu, wasu suka fi ƙarfina. Abin da na fahimta shi ne, an hana buɗe abin ne da gangan, don tsaro. Ashe ba lalacewa injin ya yi ba, sakata aka sa masa. Sakatar da mai gida ya sa da hannunsa, ya yi tafiya, ni wane ne da zan zare ta?

Kullum akwai takardar siminti a aljihuna, irin wadda nake yanka samfurin wuya da ita. Na zaro na kwafe rubutun nan kaf, harafi da harafi. Na ce da Madam kada kowa ya taɓa, zan je in yi azahar in dawo.

"Malam tela, Asabar fa!" in ji ta.

"Na sani, Madam. Ni ne zan ɗinka."

A masallacin layinmu akwai Malam, tsohon hedimastanmu, ɗan gidan malamai ne da alƙalai, ya yi ritaya ya zauna a Fagge. Shi ne ya taɓa hana mu taɓa fensir a jarrabawa sai mun karanta umarnin da ke saman takarda har ƙarshe. Bayan an sallame na matsa kusa na gaishe shi, na ba shi labarin kafen Oga, na miƙa masa takardar simintin. Ya sa tabarau ya karanta, ya gyara mini harafi guda da na juya.

Ya ce, "Cewa yake, abin da aka turo zai iya ɗauke da cutar da ke lalata kwamfuta, shi ya sa ya tsare. Ya kuma faɗi inda za a shiga a janye tsaron. Amma ya ce kada a janye sai an amince da wanda ya turo."

"Allah ya gafarta Malam, to ni tambayata, halal ne in janye? Ba ni na sa ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Har yanzu kana nan yadda na san ka. Shi mai kafen, wa ya bar wa shagon?"

"Matarsa."

"Ita ta ce ka buɗe?"

"Ita ce."

"To wakiliyarsa ce, ba ka fasa ƙofar kowa ba. Amma ka riƙe sharaɗin da abin ya gindaya maka. Kuma yadda ka samu kayan mutane, haka za ka bar musu."

Na taso ina maimaita maganar a zuci. Sai an amince da wanda ya turo. To ai ni wannan ita ce sana'ata. Suna a kan allo ɗan aike ne kawai. Ina ƙyallensa?

Na koma wajen ƙarfe uku, na tarar an ɗauke wuta, Madam tana fama da janareta. Ni da Alhaji muka ja masa igiya har ya tashi. Ba a jima ba alamar da ke jikin sunan ƙanin Oga ta yi haske, wato ya hau. Madam ta fara rubuta masa da yatsa biyu. Da farko na ce ya rubuto awon kawai a cikin hira mu huta. Ya ce yana wurin aiki, takardar tana gida, wani tela ne a can ya auna su ya cike ta, kuma gobe da asuba za su tashi. Game da sakatar ma ya ce ba zai iya yi mana jagora ba, tasa kwamfutar da yaren ƙasar take magana.

Na ce, "Madam, rubuta masa. Ki ce tela ya ce, wandon da ya ɗinka masa lokacin da zai bar Kano, me ke cikinsa?"

Ta juyo ta kalle ni. "Ƙanin mijina ne fa. Ga sunansa nan."

"Na ga suna. Shi ne ban gani ba."

Alhaji ya tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Tela yana yi wa Turai tambayar kabari."

Madam ta yi tsaki amma ta rubuta. Wandon nan ni da mai shi kaɗai muka san sirrinsa. Da zai tafi ya zo mini a tsorace, ya ce an ce ana yanke wa baƙi aljihu a hanya. Na yi masa ɓoyayyen aljihu ta ciki, daidai girman fasfo.

Muka zuba wa allon ido. Sai ga amsa ta fito, da Hausa ma ya rubuto, Madam ta karanta da ƙarfi: "Aljihu a cikin ƙugu, gefen hagu, da maɓalli baƙi. Ki ce masa wandon ya matse ni yanzu, amma ban yar ba."

Na ce, "Shi ne. Yanzu tambaye shi, fayil nawa ya turo?"

Amsa ta zo: "Ɗaya. Jiya."

Madam ta ce masa ai biyu muke gani, na safiyar nan har an rubuta a kansa cewa a duba hotonsa. Ya ce shi bai turo komai yau ba, a lokacin ma barci yake. Na dubi Alhaji. Sai ya jawo kujerarsa ya matso.

Daga nan aiki ya dawo kaina. Ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar. Kibiyar da ke kan allo ta riƙa guje mini, in nufi gabas ta yi arewa. Madam ta ce in kwantar da hannu kamar ina tura yadi a ƙarƙashin allura, kuma da na yi hakan sai ta bi ni. Na yi bisimilla na shiga inda Malam ya fassara mini. Kowane mataki na taka, sai na tsaya na rubuta a takardar siminti: na danna kalma ta huɗu a sama, na sauka layi na ƙarshe, na shiga shafi mai hoton kwaɗo. Alhaji yana ta cewa in yi sauri man janareta zai ƙare. Na ce masa wanda bai san hanyar da ya bi ya shiga ba, ba zai san ta fita ba, kuma ni sai na fita.

A shafin na tarar da ƙananan akwatuna biyar a jere, uku da alamar maki a ciki, biyu babu. Kafin in taɓa komai na zana su a takarda yadda suke. Na bi rubutun gefensu da yatsa har na kai kan wanda kalmominsa suka yi daidai da waɗanda na kwafa da safe. Na gwada su sau uku, kamar awo.

"Cire su duka mana, a huta," in ji Alhaji.

"Ɗaya aka aike ni."

Na danna. Makin ya ɓace. Abin ya sake tambayata ko na tabbata. Wallahi sai da na ji kamar in tashi in gudu, domin ni a rayuwata ba a cika tambayata ko na tabbata in ce e ba. Na tuna maɓalli baƙi a gefen hagu, na ce masa e.

Muka koma kan saƙon Litinin. Madam ta danna, ya buɗe. Ga takarda da rubutun hannu, sunaye huɗu, kowanne da kafaɗa da ƙirji da tsawo da hannu, duk a inci. A ƙasa ga hoton tsohon yana murmushi cikin rigar. Madam ta rufe baki da gefen zaninta, hawaye suka zubo mata. Ni kuwa wuyan rigar nake kallo, sai na gane ɗinkina ne. Ni na yi masa ita shekaru da yawa da suka wuce, har da ɗan kuskuren da na yi a kusurwar dama wanda ba wanda ya taɓa lura da shi.

Firinta ta fitar mana da takardar. Madam ta kai hannu za ta danna saƙo na biyu, wai ko hoton jikoki ne. Na dafe linzamin.

"Madam, wannan bai kawo ƙyalle ba."

Ta yi dariya cikin hawaye ta janye hannu. Na ɗauko takardar simintina na bi matakan nan, na mayar da makin inda na same shi, na gwada akwatunan biyar da zanena. Na sa ta danna saƙo na biyun don in tabbatar, jar alamar nan ta fito ta tare hanya. Ban taɓa jin daɗin ganin an hana ni abu ba sai ranar. Da na fito har na tare acaɓa, sai na ce ya jira, na koma na sake dubawa. Alhaji ya ce, "Madam, ki ɗauke shi aikin gadi kawai."

A shagona ne, da na shimfiɗa takardar a kan tebur, na ga abin da ya hana ni cin dambun matata. Awon autansu, hannun dama inci ashirin da biyar, na hagu ashirin da uku. Sauran ukun awon hannu ɗaya aka rubuta musu, shi kaɗai aka yi wa biyu. Kuskuren biro ne, ko haka hannunsa yake? Washegari da sassafe na koma kafen, amma sun riga sun tashi. Madam ta ce ita ba ta taɓa ganinsa ba, ya bar ƙasar tun kafin a yi aurenta. Ni ma ban taɓa yi masa ɗinki ba.

Na kwana biyu ina ɗinka sauran ina kewaye tasa. Daga ƙarshe na ce telan da ya ɗauki wahalar rubuta awo biyu ba da wasa ya yi ba. Na bi takarda. Amma na naɗe inci biyu na yadi a cikin kalmasar hannun hagun, na kama shi da ɗinki mai sauƙin farkewa, yadda ko mace da reza za ta iya sake shi. Na rubuta bayani a 'yar takarda na sa a aljihun rigar. Ranar Asabar da safe na kai riguna biyar tasha a goge, na miƙa wa Madam hannu da hannu.

Bayan kusan wata guda Oga ya dawo ya aiko a kira ni. Na tafi ina ta tunanin me na ɓata. Na same shi da takardar simintina a hannu, ashe Madam ta adana ta. Ya ce ya duba injinsa bai ga abin da ya canza ba, da ba a gaya masa ba ma ba zai san an taɓa ba. Ya ce irin saƙo na biyun nan cuta ce da take shiga kwamfutar mutum ta riƙa aika kanta da sunansa, kuma ta kwantar da injuna a wasu shagunan layin. Alhaji yana wurin. Ya ce, "Ni fa tun farko na ce a bi a hankali." Madam ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah," aka yi ta dariya.

Sai Oga ya tashi daga kujerarsa ya ce in zauna. Ƙaninsa ya turo hoton ranar binnewa, kuma ya ce kada a buɗe sai tela ya zo ya zare sakatar da hannunsa. Na tambaya ko an tabbatar shi ya turo. Oga ya ce ya san zan tambaya, sun yi magana ta waya. Na bi takardata na buɗe.

Ga su nan su biyar a jere cikin fararen riguna, wuya iri ɗaya da na mahaifinsu, kafaɗa ta zauna wa kowa. Mutum huɗu ban taɓa su da tef ba a wannan aiki, amma kamar a jikinsu na yanka. Na daɗe ina kallo. Ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma, har sai da na yi istigfari. Sannan na mayar da sakatar.

Abu ɗaya ne ya rage. Autan yana tsaye a ƙarshen layi, ya sa hannun hagunsa a bayan yayansa. Na ce, "Oga, hannun rigar autanku fa, ya yi daidai?"

Ya ce, "Haba Malam tela, wa yake kallon hannun riga ranar da ake binne ubansa?"

Gaskiya ya faɗa, na kuma ji kunyar sake tambaya. Bayan 'yan shekaru suka sayar da kafen suka koma gida, domin shi ne babba, gidan tsohon ya dawo wuyansa. Lambar wayar da ya bar mini ta daina shiga. Shagon yanzu ana sayar da tayoyin babur a ciki.

Shi ya sa na daure na rubuta wannan. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya zauna a Sabon Gari a wancan lokaci, ya san gidan da nake nufi, maza biyar, babbansu mai kafe, matarsa mai shago a Singa, ina roƙonsa ya isar musu da gaisuwata. In kuma ya san autan, ya duba mini hannunsa na hagu, ko ya tambaye shi cikin ladabi: an farke kalmasar nan, ko an bar ta yadda na ɗinka? Wanda ya samo amsa ya shigo layin teloli a Fagge, ya ce yana neman telan da ba ya ba da kaya sai da ƙyalle. Kowa zai nuna masa shagona.